Shugaban Makarantar da Ya Yarda da Kansa: Shi Ake Nema a Mubi, Ko Shi Ake Gudu?

Duk lokacin da labari ya iso cewa an turo wa wata makarantar sakandare a Mubi sabon shugaba, kafin ma mutumin ya sauke kayansa gardama ta kaure a ɗakin malamai. Wani zai ce, "Allah Ya sa tsayayye ne, wanda in ya yi magana ta zauna. Mun gaji da shugaban da ko alli ba zai saya ba sai ya buga waya Yola." Wani dattijo daga can gefe, wanda ya ga jiya ya ga yau, zai amsa masa, "Malam, bi a hankali da wannan addu'a taka. Mun taɓa samun irin tsayayyen da kake roƙo. Har ya bar makarantar nan bai kira taron malamai ba sai don ya karanta mana umarni."

Su biyun a kan abu ɗaya suke ja-in-ja. Idan shugaban makaranta ya yi imani cewa ya iya aikinsa, wannan imani yana sa ya buɗe ƙofa ya tafi tare da mutane ne, ko kuwa toshe masa kunne yake yi? Ina da ra'ayi a kai kuma zan faɗe shi, amma sai na ba kowane ɓangare haƙƙinsa tukuna, domin kowannensu yana riƙe da gaskiyar da ɗayan ba ya son ya kalla.

A Mubi wannan tambaya tana da nauyin da ya wuce na wurare da yawa. Garin tsohuwar cibiya ce, shi ne ya zama hedikwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 da ta shigo da wannan yanki cikin Nijeriya. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, a nan kuma aka kafa Jami'ar Jihar Adamawa a 2002. A aji ɗaya za ka tarar da ɗan Gude da ɗan Fali da Bafulatani da ɗan Margi da ɗan Kamwe da ɗan Kilba da Bahaushe, Musulmi da Kirista, a kan benci guda. Wannan ubansa fataken shanu ne, wancan daga gonakin gindin duwatsun Mandara yake takowa, wancan kuma rikici ne ya koro iyayensa daga Madagali ko Michika ko Gwoza. Garin da kansa ya ga abin da ba a so. A daren 1 ga Oktoba, 2012 aka kashe aƙalla mutum 25 a unguwar Wuro Fatuji, da yawansu ɗalibai. Ranar 29 ga Oktoba, 2014 Boko Haram ta kama garin, jama'a suka watse, makarantu suka rufe, sai bayan kimanin mako biyu sojoji da mafarauta da 'yan sa-kai suka ƙwato shi. Wanda aka ba makaranta a irin wannan wuri, ba rajista da jadawalin darussa kaɗai aka damƙa masa ba.

Masana sun daɗe suna bibiyar wannan al'amari. A 1977 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana cewa abin da mutum ya ɗauka zai iya a kan wani takamaiman aiki yana tasiri a kan ko zai fara aikin, irin ƙoƙarin da zai zuba, da tsawon lokacin da zai jure idan al'amari ya cije. Ba maganar jin kai ko kwarjini yake yi ba. Mutum yana iya amincewa da kansa wajen lissafin kuɗin makaranta, amma gabansa ya faɗi in aka ce ya shiga aji ya gyara wa malamin kimiyya koyarwarsa. Saboda haka ne a 2004 Megan Tschannen-Moran da Christopher Gareis suka tsara ma'auni na musamman don shugabannin makarantu, suka raba shi gida uku: yardar shugaba da iyawarsa wajen tafiyar da harkokin ofis, wajen jagorantar koyo da koyarwa, da wajen gina tarbiyya da ɗabi'ar makaranta. Wannan rabo zai yi mana amfani nan gaba.

Masu goyon bayan "tsayayye" suna da hujja mai ƙarfi, kuma ta fi yadda abokan gardamarsu ke zato zurfi. Cewa suke yi, je ka duba shugaban da ya fi kowa zafi da tsawa, sau da yawa za ka tarar tsoro ne ke cin sa. Wanda bai tabbata ya fi ƙarfin aikinsa ba, ba ya son tambaya, don bai san ko yana da amsa ba. Ba ya ba mataimakinsa aiki na gaske, don kada a ce mataimakin ya fi shi. In malama mai hazaƙa ta kawo shawarar a sauya yadda ake shirya 'yan aji shida wa jarrabawar WAEC, sai ya ji kamar kujerarsa ake girgizawa, washegari kuma ta ga takardar tuhuma a kan wani latti da ta yi tun makon jiya. Mafakarsa ita ce takardar umarni daga sama: "Haka hukuma ta ce." Wani matsoracin kuma ta ɗaya hanyar yake bi, ya kulle kansa a ofis, ya yi wa makaranta riƙon sakainar kashi, kowa ya yi abin da ya ga dama don kada ya ɓata da kowa. A ganin masu wannan ra'ayi, kama-karya da ko-in-kula duk daga tushe ɗaya suka tsiro, wato rashin yarda da kai.

Wanda kuwa zuciyarsa take kwance a kan iyawarsa, in ji su, ba ya asarar komai in ya ce, "Malam, ka fi ni sanin wannan, yaya kake gani?" Yana iya zama a bayan aji ya saurari darasi, daga baya ya kira malamin gefe su tattauna ba tare da cin fuska ba. Yana iya tunkarar uban da ya cire 'yarsa daga makaranta, ya zauna da shi a zaure da ladabi, ya koma karo na biyu da na uku, domin ya yi imani cewa maganarsa za ta iya sauya wani abu. A makarantar da ta haɗa addinai biyu da ƙabilu da yawa, ƙaramin saɓani kan addu'ar taron safe, ko kan wanda aka naɗa shugaban ɗalibai, yana iya zama babbar fitina kafin azahar. Shugaban da ke shakkar kansa yakan kau da kai har sai wutar ta kama. Wanda ya yarda zai iya sasantawa, shi ne yake kiran limami da fasto da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai tun abin yana hayaƙi.

Suna kuma kawo 2014 a matsayin shaida. Bayan an dawo gari, babu wani littafin aiki da ya koya wa shugaban makaranta yadda ake buɗe makarantar da malamanta suka warwatsu tsakanin Yola da Gombe da Kano da tsallaken Kamaru, ko yadda ake shawo kan uwar da ta ji abin da ya faru a makarantar Buni Yadi a watan Fabrairu da ta Chibok a watan Afrilu na shekarar, ta sake sakin ɗanta ya tafi aji. Aiki ne na bi gida-gida, na lallashi, na roƙon arziki a wurin masu hali, na fara darasi da abin da ya samu. Mutumin da ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa abin ya fi ƙarfinsa ba zai ko ɗaura ɗamara ba. Wannan hujja ba ta da sauƙin turewa, kuma ba na ganin ya kamata a ture ta.

To, amma dattijon nan na ɗakin malamai bai yi shiru ba, kuma in ka saurare shi da kyau za ka ga ya fi taɓo abin da ke ƙasa.

Abu na farko da ɓangarensa ke cewa shi ne, yarda da iyawa daban, iyawar kanta daban. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell sun gwada ɗalibai a fannoni kamar nahawu da tunani bisa hujja, suka kuma nemi kowa ya kimanta kansa. Waɗanda suka fi cin maki kaɗan su ne suka fi yi wa kansu kyakkyawan zato fiye da kima, har suna ganin sun wuce tsaka-tsaki. Jeffrey Vancouver da abokan aikinsa a Jami'ar Ohio ma sun nuna a farkon shekarun 2000 cewa nasarar jiya tana iya ƙara wa mutum yarda da kai har ya rage taka-tsantsan, ya yi kuskure a zagaye na gaba. Ke nan shugaba yana iya cika takardar tambayoyi ya ba kansa maki mafi girma a kowane layi, zuciyarsa fes, alhali malamansa suna ƙirga kwanakin tafiyarsa.

Abu na biyu ya fi shafar mu kai tsaye. Wa ke gaya wa shugaban makaranta gaskiya a ƙasar nan? Tarbiyyarmu, ta Hausa da ta Fulani da ta sauran ƙabilun yankin, ta hore mu da kunyar babba. Malami ƙarami ba ya duban idon shugaba a gaban jama'a ya ce masa ya yi kuskure. Abin da ake ji a taro shi ne, "Ranka ya daɗe, ai yadda ka tsara ya yi." Ainihin ra'ayin mutane sai an fito, a gindin bishiya ko a teburin mai shayi. Ga kuma dalili na aljihu: shugaban ne yake cika wa malami takardar kimanta aikinsa ta shekara, kuma kalmarsa tana iya sa a ɗauke mutum daga cikin gari a jefa shi ƙauyen da babu hanya da damina. Dillalin shanu a kasuwar Mubi yana iya duban sa sau ɗaya ya yanke masa kuɗi, kuma ya cancanci ya yarda da idonsa, domin duk ranar da idon ya yaudare shi a aljihunsa yake ji kafin kasuwa ta tashi. Shugaban makaranta ba shi da irin wannan kasuwar. Kuskurensa yakan bayyana ne bayan shekaru, a jikin yaron da ya gama sakandare ba ya iya rubuta wasiƙa, lokacin shi an daɗe da sauya masa wurin aiki. Yarda da kai da babu abin da ke gwada ta, kumbura kawai take yi.

Na uku, sun ce a daina ɗauko binciken Amurka ana ɗora mana kai tsaye. A can shugaban makaranta yakan sa baki a ɗaukar malamai, yana kuma da kasafin da yake juyawa. A makarantar gwamnati a Adamawa, hukumar kula da makarantun gaba da firamare ce take turo malami, ita take ɗauke shi. A firamare kuma akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Shugaba ba ya ɗauka, ba ya kora, ba ya biyan albashi. Tun da gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta shigo a 2019 da manufar ilimi kyauta da biyan kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, iyaye da dama sun samu sauƙi, wannan abin yabo ne. Sai dai inda ba a karɓar kuɗi daga iyaye, hannun shugaba ya dogara ne kacokan da abin da aka aiko masa da lokacin da aka aiko. Mutumin da ke cike da ƙwarin gwiwa amma aka hana shi iko a kan manyan abubuwa, a ina zai sauke ƙarfinsa? A kan abin da ya rage a hannunsa: ƙofar shiga, bulala, littafin sa hannun malamai, tsawon wandon ɗalibai. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira tsayayyu, a nan tsayuwar tasu ta tsaya.

Akwai wata hujja ta huɗu da ba a son a faɗa da ƙarfi. Shugaban da ya rantse cewa makarantarsa ba za ta ji kunya a jarrabawa ba, kuma ya saba ganin duk abin da ya sa gaba sai ya yiwu, yana cikin haɗarin buɗe ƙofar satar amsa, ko ya kau da kai a yi. Mai shakka aƙalla yana da tsoro.

Masu wannan ra'ayi suna da madogara a tarihinmu ma. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera ginshiƙan mulki guda biyar, kuma na farkonsu shi ne kada a ba da shugabanci ga wanda ya nema, sai lizimtar shawara, da barin kaushin hali, da adalci, da kyautatawa. Wa ya fi neman kujera in ba wanda ya fi ganin ya isa ba? Wannan ƙasa ta Fombina da Modibbo Adama ya karɓo wa tuta ta gaji wannan karatu, kuma har yau mutane sun fi natsuwa da shugaban da aka roƙa ya karɓa a kan wanda ya yi ta safa da marwa a ma'aikata.

Kafin in faɗi inda na tsaya, akwai wani tsohon gwaji da ya cancanci a tuna da shi. A 1939 Kurt Lewin da Ronald Lippitt da Ralph White suka wallafa sakamakon aikin da suka yi a Iowa da ƙungiyoyin yara maza 'yan kimanin shekara 10, inda suka sa manya su jagorance su da salo uku: umarni zalla, shawara, da sakin ragama. Yaran da ke ƙarƙashin mai umarni sun yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, amma da ya fita ɗakin sai aikin ya zube. Na ƙarƙashin mai shawara sun ci gaba da aikinsu ko ba ya nan. Waɗanda aka sakar wa ragama su suka fi kowa lalacewa. Yara ne, kuma ba makaranta ba ce, don haka ba za a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya ba mu ma'aunin da kowane mazaunin Mubi zai iya gwadawa da idonsa. Tsakanin Mubi da Yola tafiyar kusan kilomita 200 ce, ta Hong da Gombi da Song, kuma babu shugaban da aiki ba ya kai shi can: taro, tantance ma'aikata, bin takardu. Shiga makarantarsa ranar da ya tafi, wajen ƙarfe sha ɗaya. In ka ji muryoyin malamai daga azuzuwa, ka san irin shugabancin da ake yi a wurin. In ka tarar da yara a filin ƙwallo, malamai kuma sun bi babura sun shiga gari, ka san ɗayan.

Ga ra'ayina. Ɓangaren farko sun yi gaskiya cewa babu shugabanci nagari ba tare da yarda da kai ba. Ban ga yadda matsoraci zai jagoranci makaranta a garin da aka taɓa kai wa masallaci harin bam da asuba ba, kamar yadda ya faru a Unguwar Shuwa ranar 21 ga Nuwamba, 2017. Akwai ranar da ba ta shawara ba ce. In labari ya zo cewa hanya ba lafiya, ana bukatar wanda zai ce a sallami yara yanzu, ko a rufe ƙofa kowa ya zauna, ya kuma ɗauki nauyin abin da ya yanke ba tare da jiran waya daga sama ba. Wanda ya kira taron kwamiti a irin wannan sa'a ya ci amanar iyaye. Sai dai ɓangaren farko sun yi kuskure da suka ɗauka cewa yarda da kai ita kaɗai tana haifar da salo nagari. Abin da take yi shi ne ƙara wa mutum ƙarfi a kan hanyar da ya riga ya ɗauka. Tambayar da ta fi amfani ita ce, daga ina yardar ta fito, kuma a kan wane aiki take?

Bandura ya lissafa maɓuɓɓuga huɗu da wannan yarda ke fitowa daga gare su: nasarar da mutum ya samu da hannunsa, ganin wani irinsa ya yi nasara, ƙarfafawar baki daga mutane, da yanayin jiki da zuciya lokacin aikin. Ya ce ta farko ta fi sauran ƙarfi da ɗorewa, ta baki kuwa ba ta kai ta ba. Matsalarmu ita ce wadda ta fi rauni ita ta fi yawa a kasuwa. Yabo kyauta ne, kuma shugaba yana shan sa tun daga mai gadi har ɗan kwangila. Nasarar hannu kuwa sai an sha wuya. Wanda ya taɓa karɓar aji uku da ba sa iya karatu, ya zauna da malaman Turanci suka yi ta gwaji har yaran suka fara haɗa jimla, ya san abu biyu a lokaci guda: ya san zai iya, ya kuma san ba shi kaɗai ya yi ba. Irin wannan yarda tana tafe da sanin darajar mutane, shi ya sa mai ita yake shawara ba tare da an tilasta masa ba. Wanda kuwa yardarsa ta fito daga takardar naɗi, ko daga sanin cewa yana da wani babba a sama, bai taɓa bukatar kowa ba kafin ya hau, don haka ba ya ganin dalilin da zai bukace su bayan ya hau.

Nan ne rabon nan na gida uku yake shigowa. Yawancin shugabanninmu sun amince da kansu a harkar ofis da ta ladabtarwa, domin a nan tsarin ya horar da su. Kaɗan ne za su ce da zuciya ɗaya sun iya taimaka wa malami ya gyara koyarwarsa. Alhali a 2008 Viviane Robinson da abokan aikinta a New Zealand, bayan sun tattara bincike da dama, sun gano cewa shugabancin da ya mai da hankali kan koyarwa ya ninka wanda ya dogara da zaburarwa da kwarjini sau uku zuwa huɗu wajen tasiri a kan karatun ɗalibai, kuma abin da ya fi komai tasiri shi ne shugaba ya shiga cikin malamansa suna ƙaro sani tare. Saboda haka in aka ce mini wane yana da ƙwarin gwiwa, sai in tambaya, a kan me? In a kan tsare ƙofa ne, mai gadi ma yana da shi.

A shekarar dai, Kenneth Leithwood da Doris Jantzi sun wallafa wani bincike da ya ƙara mini nauyin wannan ra'ayi. Sun ga cewa tasirin yardar shugaba a kan sakamakon ɗalibai ba kai tsaye yake ba, ta hanyar yanayin makaranta da na aji yake bi. Sun kuma ga cewa yanayin da hukumar ilimi ta yanki ta samar yana da hannu babba wajen gina wannan yarda, musamman irin ta "mu za mu iya". Ke nan ba hali ba ne kawai da aka haifi mutum da shi. Hukuma tana iya gina shi, tana iya rusa shi. Shugaban da aka sauya wa makaranta kafin ya ga 'ya'yan abin da ya shuka ba zai taɓa samun nasarar hannu da zai dogara da ita ba. Wanda ya rubuta wasiƙa goma kan rufin da iska ta yaye ba a amsa ko ɗaya ba, zai koyi cewa ƙoƙarinsa ba ya sauya komai, daga nan ko dai ya saki ragama ko ya huce a kan na ƙasa da shi. Kafin mu zargi halin mutum ɗaya, mu dubi abin da tsarin ya koya masa.

Ba zan wuce ba tare da na ambaci mata ba. Halin da in namiji ya nuna ake ce masa tsayayye, in mace ta nuna sai a ce ta cika zafi, ko ba ta da kunya. Shugabar makarantar 'yan mata takan yi aiki biyu, ta tafiyar da makaranta, ta kuma riƙa auna kowace kalma don kada a ce ta raina maza. Da yawansu sun ƙware a salon shawara saboda ba a bar musu wata hanya ba, kuma makarantunsu sun amfana. Amma bai dace mu ci moriyar abin mu manta cewa rashin adalci ne ya haife shi ba.

Akwai abin da dattijon ɗakin malamai zai iya mayar mini da shi, kuma yana da nauyi. Zai ce, "Malam, duk wannan bambanci da ka yi tsakanin yardar da aka sha wuya aka samu da wadda aka tsinta, daga waje kamarsu ɗaya. Ranar naɗi duk da murya ɗaya suke magana." Haka ne. Shi ya sa ba a bakin mutum ya kamata a nemi amsar ba, a bayansa ya kamata a duba. Yawancin shugabanni sai sun yi mataimaki kafin su hau, amma sau da yawa mataimakin ba a ba shi komai sai jadawalin darussa da hukunta masu latti. Da za a riƙa damƙa wa kowane mataimaki wani aiki guda na gaske, kamar gyara karatun 'yan aji ɗaya ko rage yawan 'yan matan da ke barin makaranta, a ba shi shekara biyu, sannan a duba abin da ya fito, da hukuma ta samu abin dubawa da ya wuce shekarun aiki da matakin albashi, shi ma kuma da ya hau kujera da abin da ya taɓa yi da hannunsa. Kayan aikin horarwa ba su yi nisa ba. Jami'ar jiha tana cikin garin nan, Kwalejin Ilimi tana Hong, ƙungiyar shugabannin sakandare ta ANCOPSS tana haɗa su, kuma tun 1992 akwai cibiyar tarayya a Ondo da aka kafa don horar da masu tsarawa da gudanar da ilimi.

Sai kuma a samar wa gaskiya hanyar da za ta isa ofis ba tare da ta ci mai faɗinta ba. A ƙarshen kowane zango malamai su rubuta ra'ayinsu kan tafiyar makaranta ba tare da sa suna ba, kwamitin al'umma mai kula da makaranta ya tattara, shugaba ya karanta, sifeton da ya zo daga shiyya ma ya gani. Wasu za su yi amfani da damar su rama gayya, babu shakka, kuma dole a tace. Amma in malamai ashirin cikin talatin suka rubuta cewa ba a taɓa neman ra'ayinsu kan rabon darussa ba, wannan ya wuce ƙiyayyar mutum ɗaya, kuma ya kamata ya shiga fayil ɗin shugaban kafin a ba shi makaranta ta gaba.